Yadda Aka Gano Abin da Ke Cin Roba

A tsakiyar ƙarni na 19 babu abin da Turawan Ingila ke alfahari da shi kamar wayar tangarahu. A 1851 suka shimfiɗa ta ƙarƙashin ruwan da ya raba su da Faransa, ta kuwa yi aiki. A 1858 suka tsallaka da ita Tekun Atalantika, ko da yake wannan 'yan makonni kawai ta yi ta mutu. Abin da ya ba su wannan dama wani danƙon itace ne da ake tatsowa a dazuzzukan Malaya, ana ce masa gatafaca. In aka tsoma shi a ruwan zafi sai ya yi laushi, a lulluɓe wayar jan ƙarfe da shi, da ya huce sai ya ƙage. Ruwa ba ya ratsa shi, lantarki ba ya tserewa ta jikinsa. A ƙasan teku, inda babu rana babu zafi, yakan daɗe yana nan garau. Amma wayoyin da aka kai Indiya ba su yi ƙarko ba. Lulluɓin ya bushe, ya tsattsage, yana marmashewa a hannu, kuɗi masu yawa suka bi ruwa.

Aka kai guntayen lalatacciyar wayar Landan, wurin wani Bajamushe masanin sinadarai mai suna August Wilhelm Hofmann. Ya auna sabon danƙo, ya auna wanda ya lalace, a 1861 ya buga abin da ya gani. Tsantsar danƙon kabon ne da haidirojin zalla, tsohon kuwa ya sha iskar oksijin har ya koma wani abu mai kama da busasshen ƙaro. Bayan shekara huɗu John Spiller ya ga irin haka a tsohuwar robar itace. To, an kama ɓarawo: iskar da muke shaƙa ce. Yadda take shiga, da dalilin da ya sa take yin shiru na tsawon lokaci sannan ta far wa abu gaba ɗaya, wannan sai da aka ƙara shekara tamanin da 'yan kai kafin a san shi.

Jinkirin yana da dalili. A lokacin babu wanda ya san ko mene ne danƙo. Sai a 1920 Hermann Staudinger ya fito ya ce roba da makamantanta dogayen zarurruka ne na atom dubbai da ke riƙe da juna, wato abin da yau ake kira polima, kuma ya sha suka daga manyan masanan Jamus kafin a yarda da shi. Lambar Nobel ba ta zo masa ba sai 1953. Kafin nan, gutsattsarin amsar suna ta fitowa daga wuraren da ba su da wata alaƙa da roba. A 1897 Aleksei Bach, ɗan ƙasar Rasha, da Carl Engler na Jamus, kowa a nasa ɗakin gwaji, suka ce oksijin idan za ta kama abu a hankali takan shiga ne da atom ɗinta biyu a haɗe, ta samar da wani sinadari marar natsuwa mai suna faroksaid. A 1900 kuma Moses Gomberg, wani Bayahude da iyayensa suka yi hijira daga daular Rasha zuwa Amurka, yana Jami'ar Mishigan yana ƙoƙarin haɗa wani sinadari sai ya samu wani abu daban: kabon mai hannu uku a riƙe, na huɗun yana lilo da ilektiron guda marar aboki. Wannan shi ne radikal. Abin da ya fara jan hankalin Gomberg shi ne yadda sinadarin ke zaƙuwar kama oksijin, da ya sha iska sai ya zama faroksaid. Masana da yawa sun daɗe ba su gaskata shi ba, domin a ilimin da suka gada kabon ba ya zama da hannu a sake.

Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya. Faransa na son tara wani sinadari mai sa hawaye da shaƙe numfashi, akurolin, don ta yi yaƙi da shi, amma da an ajiye shi sai ya daskare ya zama farin dunƙule marar amfani. Aka ɗora wa Charles Moureu da Charles Dufraisse neman mafita. Suka gano cewa oksijin ce ke tayar da daskarewar, kuma ɗan mitsitsin sinadari daga dangin fenol, abin da bai taka kara ya karya ba, ya isa ya hana. Bayan yaƙi suka ci gaba da gwaji a kan mai, kitse da roba, suka ga abin yana ci. Ba na jin daɗin cewa ilimin da yau ke kare abincinmu da magungunanmu a wurin ajiyar guba ya fara tsiro, amma haka tarihin yake. Bayanin da su biyun suka bayar na yadda kariyar ke aiki bai tsaya da ƙafarsa ba. Tambayar da suka bari ita ce ta yi amfani: ta yaya ƙwaya ɗaya za ta kare dubbai?

Amsar tana wurin masu nazarin saurin haɗuwar sinadarai. Tun 1913 Max Bodenstein ya lura cewa ɗan haske kaɗan na sa haidirojin da kulorin su haɗu da yawan da ya zarce hasken da aka ba su nesa ba kusa ba. Ya ce lallai haɗuwa ɗaya ce ke haifar da ta gaba, ita ma ta haifi wata, a yi ta tafiya kamar sarƙa. A 1927 Hans Bäckström, ɗan Suwidin, ya gwada wannan a kan sinadaran da ke shan oksijin cikin ruwa-ruwa, ya samu ƙwayar haske ɗaya na jawo haɗuwa dubbai. Nan tambayar Moureu ta warware. In dai ɓarnar sarƙa ce, mai kariya ba ya bukatar tsare kowace ƙwaya. Ya tsinka sarƙa ɗaya tun tana farawa, ya ceci duk dubban da ke bayanta. Bäckström da Hubert Alyea suka kuma nuna cewa shi mai kariyar yana ƙarewa a cikin aikin. Nikolai Semenov a Leningirad da Cyril Hinshelwood a Okisfod suka ƙara da cewa akwai sarƙoƙin da ke yin rassa, ɗaya ta haifi biyu, kuma a kan haka suka raba Nobel a 1956.

Inda aka ɗinke duka wannan a kan roba shi ne wani ƙaramin gari a arewacin Landan, Welwyn Garden City. A 1938 aka kafa wata cibiyar bincike, wadda ta zauna a can, da kuɗin da ake yanka daga cinikin danƙon gonakin da Ingila ke mulka, musamman Malaya, don masu gonakin na tsoron robar da Jamus ta fara haɗawa a masana'anta. Ba a jima ba yaƙi ya ɓarke, a Fabrairun 1942 Jafan ta kama Singafo, danƙo ya zama kayan gabas. Kowace taya da ta tsufa kafin lokacinta asara ce ga mayaƙa. A wannan hali Ernest Harold Farmer ya nuna cewa oksijin ba ta fara faɗa wa tagwayen ɗaurin da ke jikin zaren danƙo kai tsaye, kamar yadda aka daɗe ana zato. Kabon ɗin da ke maƙwabtaka da tagwayen ɗaurin take nufa, inda haidirojin bai riƙu da ƙarfi ba, ta kafa abin da ake kira haidirofaroksaid.

J. L. Bolland da Geoffrey Gee suka ɗauki aikin lissafi. Danƙo yana da wuyar sha'ani a gwaji, saboda haka suka zaɓi ƙaramin sinadari mai irin wannan rauni, wanda ake samu daga asid ɗin linoliyik, shi ɗin da ke cikin man gyaɗa da man auduga da man waken suya. Kayan aikinsu ba wani abin a zo a gani ba ne: 'yar kwalba da ɗan mai a ciki, an nutsa ta cikin ruwan da aka tsayar da zafinsa, inji na girgiza ta don iska ta gauraya, sai bututun gilashi mai nuna yawan oksijin da ya ragu. Mutum ya zauna da agogo da littafi yana rubuta lamba. A canza zafi, a sake. A canza yawan iskar, a sake. A 1946 suka buga sakamakon, kuma har gobe da tsarin da suka zana ake fara koyar da ɗalibai wannan fanni.

Ga yadda abin yake. Kowane ɗauri tsakanin atom biyu ilektiron biyu ne. Zafi, ko hasken rana, ko murzar inji, ko wani ɗan datti da ya saura tun wurin haɗawa, na iya sa ɗauri ɗaya ya kwance, a bar kabon da ilektiron guda. Oksijin kuwa, a yadda Allah ya halicce ta, ita ma tana yawo da ilektiron biyu marasa abokai, don haka da ta ci karo da wannan kabon sai ta manne masa kafin ƙiftawar ido. Abin da ya fito sabon radikal ne mai oksijin biyu a baki, ana ce masa faroksil, shi ma bai cika ba. Sai ya laluba ya fizgi haidirojin daga zaren da ke kusa. Shi ya huta, ya zama haidirofaroksaid, amma wanda aka fizga wa ya zama radikal, wata oksijin ta manne masa, shi ma ya fizgi na gaba. Kamar a ce an yi wa mutum ɗaya ƙwace a bakin kasuwa, shi kuma ya mayar da asararsa daga aljihun na kusa da shi, wancan ma ya yi haka, har rumfar ƙarshe. Sarƙar ba ta tsayawa sai radikal biyu sun haɗu sun kashe juna, kuma da yake ba su da yawa a lokaci guda, kafin su haɗu an yi zagaye gommai ko ɗaruruwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne cewa Bolland da Gee ba su taɓa ganin radikal ɗin da ido ko da na'ura ba. Lambobi ne suka tona asirinsa. Idan suka ninka abin da ke tayar da sarƙa sau huɗu, saurin shan iskar sau biyu kawai yake ninkuwa, kuma lissafi ya nuna hakan na faruwa ne idan radikal biyu-biyu suke mutuwa. Idan suka ƙara yawan oksijin fiye da wani ɗan mizani, saurin ba ya ƙaruwa ko kaɗan, wato mannewar oksijin ba ita ce ke jan lokaci ba, fizgar haidirojin ce mai nawa. Daga baya, a shekarun 1960, Keith Ingold da J. A. Howard a Kanada suka auna saurin matakan ɗaya bayan ɗaya, aka ga mataki na farko ya fi na biyu sauri sau miliyoyi.

Saura mugun ɓangaren. Haidirofaroksaid ɗin da ke taruwa ba mataccen abu ba ne. Ɗaurin da ke tsakanin oksijin biyun da ke jikinsa rarrauna ne ƙwarai, zafi ko haske kaɗan ya isa ya raba shi, kuma in ya rabu radikal biyu ne ke fitowa, kowanne ya tayar da tasa sarƙar. Ɓarnar jiya ita ce makamashin ta yau. Shi ya sa roba takan yi shekara tana nan kamar ba abin da ke damunta, sannan cikin 'yan watanni ta tashi daga aiki. Ɗaya daga cikin radikal ɗin nan biyu yana da ɗabi'ar yanke zaren da yake zaune a kai, dogo ya koma gajeru biyu. A wasu robobin kuma zarurrukan ɗaurewa suke da juna. Danƙon itace yakan fara da yin laushi da yauƙi saboda yankewa, robar taya ta masana'anta kuwa tauri take yi. Kuma ba sai an yanke da yawa ba. A robobi irin na bokiti da kujera, akwai wuraren da zarurruka suka jeru suka cushe, iska ba ta shiga, da wuraren da suke a hargitse, inda 'yan zarurruka ke ƙulla wannan cusasshen wuri da wancan. Can oksijin ke kutsawa. Da an yanke waɗannan maƙullan, ko da mafi yawan robar na nan lafiya, ƙarfinta ya tafi.

Wannan ilimi ya zo a kan gaɓa, domin zamanin sababbin robobi ya kunno kai. A 1933 Eric Fawcett da Reginald Gibson na kamfanin ICI a Ingila suka ga wani farin abu mai kama da kakin zuma a cikin tukunyar gwajinsu mai tsananin matsi. Foliyetilin ke nan, robar da ake leda da jarka da ita. Daga baya aka fahimci cewa ɗan oksijin da ya ɓuya a cikin iskar gas ɗin da suke gwaji da ita ne ya tayar da sarƙar da ta ƙulla zaren. A 1939 aka fara yin ta don sayarwa, ta lulluɓe wayoyin na'urar hango jiragen sama a lokacin yaƙi. A 1954 Giulio Natta a Italiya, yana bin sawun Karl Ziegler, ya samar da folifurofilin, wadda yau ake saƙa buhun taki da na shinkafa da ita, ake yin kujeru da igiya. Ita wannan ta fi kowa rauni a gaban iska. A kowane kabon biyu na zarenta, ɗaya na riƙe da haidirojin mai sauƙin fizga, kuma sun jeru kusa da juna har faroksil na iya lanƙwasowa ya fizgi na jikin zarensa. Da babu sinadaran kariya, tun a cikin injin narkarwa, inda zafi ke wuce digiri 200, za ta fara lalacewa, kuma da ba ta taɓa zama kayan kasuwa ba.

A nan ya kamata a tsaya a kan Walter Lincoln Hawkins. An haife shi a Washinton a 1911, baƙar fata a ƙasar da ke rufe wa irinsa ƙofofi, ya yi digirin digirgir a Jami'ar McGill ta Kanada, a 1942 ya zama baƙar fata na farko a cikin masanan ɗakin binciken kamfanin tarho na Bell. Wayoyin tarho a lokacin da dalma ake lulluɓe su, ga nauyi ga tsada ga guba. An so a koma foliyetilin, amma rana na cinye ta. An san cewa baƙin garin kabon, kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, na tare hasken rana. Matsalar ita ce da an zuba shi sai ƙarfin sinadaran kariyar da aka saba da su ya ragu. Hawkins da Vincent Lanza da Field Winslow suka gano cewa wasu sinadaran kariya masu farar wuta a jikinsu akasin haka suke yi, ƙarfinsu ƙaruwa yake in suna tare da baƙin garin. A 1956 suka fitar da lulluɓin da ke iya yin shekaru gommai a sararin Allah, tarho ya yi araha har ya isa ƙauyukan Amurka. A 1992, watanni kaɗan kafin rasuwarsa, aka ba shi lambar girma ta fasaha ta ƙasar. A ganina sunansa ya cancanci a san shi fiye da yadda aka sani.

Daga nan kowace dabara wani mataki na sarƙar take nufa. Dangin fenol kan miƙa wa faroksil haidirojin da kansu, su zama radikal mai sanyin hali da ba ya fizgar na kowa. Masu fosforas ko farar wuta kan lallaɓa haidirofaroksaid su kwance shi ba tare da ya fashe biyu ba, shi ya sa ake haɗa iri biyun. An kuma ga cewa jan ƙarfe da baƙin ƙarfe na hanzarta fashewar, irin abin da Fritz Haber da Joseph Weiss suka bayyana tun 1934, sai aka samo sinadaran da ke ɗaure ƙarfen a lulluɓin waya. A shekarun 1970 kamfanin Sankyo na Jafan da Ciba-Geigy na Suwizalan suka fito da wasu sinadarai na dangin amin waɗanda ke kama radikal su kuma dawo yadda suke su sake kamawa, zagayen da ake jingina wa Barushen nan Evgeny Denisov. Duk wannan kariya sau da yawa giram ɗaya ne zuwa 'yan giram a kilo guda na roba.

Wanda ke zaune a Kano ko Sakkwato ko Damagaram ba ya bukatar ɗakin gwaji kafin ya ga aikin sarƙar. A ajiye buhun taki a tsakar gida tun daga kaka zuwa bazara. Gefen da ke kallon rana zai yi fari fat, in aka shafa sai gari ya biyo yatsa, in aka ɗaga sai ya yage hatsi ya zube, alhali gefen da ke ƙasa yana nan da sheƙinsa. Baƙin tankin ruwa da ke saman bene kuwa ya sha ranar shekaru bai ce uffan ba, albarkacin garin kabon. Masana na da ƙiyasin cewa ƙarin zafi na digiri 10 kan kusan ninka saurin irin wannan lalacewa, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu kan haura digiri 40 a inuwa, ballantana jikin robar da ke rana. Kayan da aka auna kariyarsu da yanayin ƙasashen sanyi ba za su yi mana kwanan da aka yi alkawari ba.

An kuma yi ƙoƙarin juya sarƙar ta yi wa mutane aiki. Gerald Scott na Jami'ar Aston a Bamingam, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin kariya, ya ɓullo da ledar da ake sa wa gishirin ƙarfe don ta ruguje da wuri bayan an gama da ita. Niyyar mai kyau ce, amma rugujewa daban, ɓacewa daban: ledar takan koma ƙananan gutsattsari da ke zama a ƙasa da ruwa, kuma Tarayyar Turai ta haramta irinta daga Yulin 2021. Likitocin ƙashi ma sun ɗanɗana. Robar da ake sa wa mutum a ƙugu ko gwiwa, an daɗe ana kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinta da hasken gama a cikin iska. Hasken ya bar radikal a ciki, sarƙa ta ci gaba a kan kanta da cikin jikin majiyyaci. Aka daina yin haka a cikin iska, daga baya aka fara sa mata bitamin E, wanda shi ma fenol ne, kuma irin wannan aikin yake yi a jikinmu.

Tsarin 1946 bai tsira daga bincike ba. A 2011 Michelle Coote da ɗalibanta a Ostireliya suka yi lissafi da kwamfuta, suka ce fizgar haidirojin da Bolland da Gee suka bayyana ta dace da danƙo da mai, masu tagwayen ɗauri, amma a robobin da ba su da shi faroksil ba shi da ƙarfin yin fizgar cikin sauƙi. A ganinsu sarƙar na samun kafa ne a wuraren da zaren ya samu tawaya tun wurin haɗawa ko bayan ya fara lalacewa. Ana nan ana muhawara a kai.

A masana'anta kuwa gwajin da ake yi yau ɗan'uwan na Bolland ne. A yanko ɗan ƙwayar roba, a sa a na'ura, a ɗaga zafi zuwa digiri 200 cikin iskar naitirojin, sannan a sako oksijin a danna agogo. Robar za ta yi shiru muddin akwai sauran kariya a jikinta, da ta ƙare sai zafi ya taso. Ƙa'idar bututun ruwa na foliyetilin ta ce kada shirun ya gaza minti 20. Tsohuwar robar da aka tsinto a bola aka niƙa aka sake narkarwa ta riga ta cinye mafi yawan kariyarta, ta kuma zo da nata haidirofaroksaid, don haka in mai narkarwa bai ƙara mata sabuwar kariya ba, butar da za a yi da ita ta fara tsufa tun kafin ta bar masana'anta.